Fas ko Ƙauyukanta: Inda Ya Fi Dacewa a Sauka a Lokacin Furanni a Maroko

Kalmar bazara tana ruɗa mutum idan ana maganar ƙasashen da ke arewa da Sahara. A wurinmu bazara ita ce watannin Maris, Afrilu da Mayu, lokacin da rijiyoyi ke ja da baya, ana kwana a tsakar gida, zafin rana a Kano ko Sakkwato ko Yamai ya kai digiri 40 ko ya zarce, kowa yana duban gabas yana jiran hadari. A arewacin Maroko kuwa ruwan sama yana sauka ne a lokacin sanyi, saboda haka waɗannan watanni uku, waɗanda suke kira rabi'u, su ne lokacin da ƙasa ke yin kore shar, itatuwa su yi fure, alkama da sha'ir su fitar da kai. A birnin Fas zafin rana a watan Afrilu yakan tsaya wajen digiri 22 ko 23, da dare kuma ya sauko wajen 10. Wanda ya baro gida a tsakiyar bazararmu ya sauka can, zai ji kamar an haɗa masa sanyin hunturu da koren damina a wuri ɗaya, abin da ba mu saba gani tare ba.

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Fas ziyara ce ke kai su, domin a nan zawiyyar Shehu Ahmadu Tijjani take, wanda ya zauna a birnin daga 1798 har rasuwarsa a 1815. Ziyara kwana uku ko huɗu ta isa. Amma wanda Allah ya hore wa mako biyu ko wata guda, kuma yake son ya huta ya sha iska, dole ya tsayar da shawara a kan inda zai ajiye jakarsa: cikin tsohon birnin, wato Fas al-Bali, ko kuwa ɗaya daga cikin ƙananan garuruwa da ƙauyukan da ke kewaye da shi, irin su Safru, Bahalil, Imuzar, Azru ko Maulaya Idris Zarhun. Abin da ya kamata a auna shi ne yadda yini guda na zaman yau da kullum yake kasancewa a kowane wuri, daga asuba zuwa lisha, domin wuraren kallo ana gama su cikin 'yan kwanaki, amma safiya da maraice kullum suna dawowa.

A cikin birni asuba tana zuwa da kiran salla daga hasumiyoyi masu yawa a lokaci guda, wani yana shiga cikin wani, domin Fas al-Bali a cikin kwari take kuma masallatanta sun yi kusa da juna ƙwarai. Bayan salla liman da wasu daga cikin mamu sukan jingina da bangon alƙibla su karanta izu guda da murya ɗaya, haka kuma bayan magariba, ta yadda ake sauke Alƙur'ani kusan kowane wata. Karatun na Warshu ne, mazhabar kuma Malikiyya, saboda haka wanda ya tashi a makarantar allo ba zai ji baƙunta ba, har yakan tsinci bakinsa yana bin su. Wannan daɗi ne da ba a biya, kuma yana nan a ƙauye ma, sai dai can mutum biyar ne ko bakwai a ƙaramin masallaci, a birni kuwa kana iya zama a Ƙarawiyyin, masallacin da tarihi ya danganta kafuwarsa ga Fadimatu al-Fihriyya a shekarar 859. Ga ɗan ɗariƙa akwai ƙarin abin da ƙauye ba zai ba shi ba, wato wazifa a cikin zawiyyar Shehu kowace rana da zikirin Juma'a bayan la'asar, tare da baƙi daga Sanagal, Mali, Nijar da Nijeriya. Wanda wannan ne babban burinsa, to magana ta ƙare, ya nemi masauki a kusa da zawiyya, ya riƙa fita ƙauye yini ɗaya-ɗaya.

Bayan hantsi birnin yana buɗewa da abinci. Karin kumallon talaka shi ne bisara, fate mai kauri na busasshen babban wake da suke kira ful, ana zuba masa man zaitun da ɗan yaji mara zafi, a ci da gurasa mai ɗumi wadda kuɗinta bai wuce dirhami ɗaya ko biyu ba. Mota ba ta shiga tsohon birnin, kaya a kan alfadari da jaki da amalanke suke tafiya, kuma kalmar da baƙo zai fara koya ita ce "balak", wadda masu alfadarai ke faɗa don a ba su hanya. Har yanzu akan ga yara ɗauke da faifan ƙullin gurasa zuwa tanderun unguwa, a gasa a mayar gida. Wanda ya gangara ta babbar hanyar da ake kira Dala'a Kabira daga ƙofar Bujulud, ko ya shiga kasuwar Rasif da safe, zai ga yadda lokacin yake sauyawa mako bayan mako a kan teburan masu kayan miya: ɗanyen ful da ɗanyen wake mai zaƙi a watan Maris, ganyen bakula da ake dafawa da zaitun da lemon tsami, wanda ɗanɗanonsa ke tuna wa mutum kwaɗon rama, sannan wani ɗan itace rawaya mai suna muzah a Afrilu da Mayu, daga ƙarshe kuma jajayen 'ya'yan itacen da suke kira habbul muluk.

Abin da na fi ƙauna a Fas a wannan lokaci shi ne makonnin furen lemo, daga wajen tsakiyar Maris zuwa cikin Afrilu. Akwai wani lemo mai ɗaci da ba a shansa, ana shuka shi a tsakar gidaje da gefen tituna saboda furensa. Idan ya yi fure sai a tsinko a kawo kasuwa a kwanduna, farare tas, a sayar da awo, mata su saya su kai gida su turara shi a cikin wata tukunyar tagulla mai hawa uku da ake kira ƙaddara, tururin ya huce ya ɗiga ya zama ruwan ƙamshi da suke kira ma'uz zahar. Da shi ake ɗanɗana kayan zaƙi, ana yayyafa wa baƙi a hannu, ana ajiye na shekara guda a kwalabe. Maƙeran tagulla na dandalin Saffarin su ke ƙera tukwanen, kuma ƙarar gudumarsu tana kaiwa har ƙofar ɗakin karatu na Ƙarawiyyin. A waɗannan makonni hatta mai shayin bakin hanya yakan jefa fure biyu ko uku a kan na'ana'a a cikin kofi. Ƙamshin yana bin lunguna, ya haɗu da na itacen da kafintoci ke fiƙewa da na gurasa, kuma duk wanda ya san yadda matanmu ke ɗaukar haɗa humra da turaren wuta da muhimmanci zai gane dalilin da ya sa gidajen Fas ba sa wasa da wannan aiki.

Sai dai birnin yana da nasa nauyi, kuma ba na son a ɓoye shi. Gidajen tsohon birni an gina su ne don maganin zafi: bango mai kauri, ɗakuna masu tsawo, tsakar gida mai zurfi da rana ba ta cika sauka ciki ba, daɓe na tayil. A watan Yuli wannan rahama ce, amma a Maris ɗakin ƙasa yakan yi sanyi da danshi fiye da waje, har mutum ya fito lungu don ya ji ɗumi. Wanda zai kama ɗaki ya tambaya ko akwai abin ɗumama ɗaki, ya kuma zaɓi bene na sama idan ƙafarsa za ta iya matakala, waɗanda ƙanana ne masu tsayi. Lungunan dubbai ne, hawa da gangara ne, duwatsun daɓensu kuma suna santsi idan an yi ruwa, saboda haka dattijo mai ciwon gwiwa zai wahala matuƙa in masaukinsa ya yi nisa da ƙofar gari. Afrilu da Mayu kuma su ne lokacin da masu yawon buɗe ido daga Turai suka fi cika birnin, kuɗin ɗaki ya tashi, samari masu cewa za su nuna hanya su dami baƙo, musamman a kusa da majemar Shuwara. Majemar kanta abin gani ce ga wanda ya san aikin fata na Kano da Sakkwato, tunda fatun jajayen awakinmu sun daɗe suna ƙetara Sahara har Turawa suka riƙa sayensu da sunan fatar Maroko, amma wari ne da ba kowa ke jurewa ba, kuma yana ƙaruwa da ƙaruwar zafi.

Akwai kuma wani abu da mutum ba ya lura da shi sai ya kwana biyar ko shida: a cikin Fas al-Bali ba a ganin sararin sama sai ɗan tsiri a tsakanin bango da bango. Lokacin furanni yana iso wa birnin ne a cikin kwanduna, a bayan alfadari. Wanda ke son ya gan shi a tsaye sai ya hau soro, ko ya je lambun Jinan Sabil da ke tsakanin tsohon birni da Fas Jadid, inda akwai tafki da dogayen itatuwa da iyalai masu shan iska, ko ya hau tudun kaburburan Banu Marin, sarakunan ƙasar na da, da yamma ya dubi birnin gaba ɗaya da tsaunin Zalag yana kore ta arewacinsa. Gab da magariba tsattsewa sukan cika sama a kan ƙofar Bujulud da ganuwa, suna shawagi suna kuka, kuma zama a kan soro a wannan sa'a da kofin shayi yana daga cikin abubuwan da ba na mantawa. Amma sa'a guda ce a yini.

A ƙauye lissafin ya juya. Safru tana kudu da Fas da tazarar kilomita kusan 30, a gindin tsaunukan Atlas ta Tsakiya, kuma ta fi Fas tudu da mita ɗari huɗu ko fiye. Motocin haya da ake kira babbar tasi, masu ɗaukar mutum shida su tashi idan sun cika, kamar yadda muka saba a tasha, suna kai mutum cikin abin da bai kai sa'a guda ba. Garin yana da tasa ƙaramar tsohuwar unguwa mai ganuwa, kogin Aggai ya ratsa tsakiyarta, amma tafiyar minti ashirin ko talatin a ƙafa ta isa ta fitar da mutum zuwa lambuna da wani ɗan magangarar ruwa a bayan gari. Bahalil tana kusa da ita, a jikin tudu, wasu gidajenta a cikin kogon dutse aka sassaƙa su aka yi musu fuska da ƙofa, kuma mata sukan zauna a ƙofar gida cikin rana suna saƙa ƙananan maɓallan zare da ake jerawa a gaban jallabiya. Maulaya Idris Zarhun tana can ɓangaren Miknas, a kan duwatsu biyu, kewaye da gonakin zaitun, kuma a nan kabarin Idris na Farko yake, sarkin da ya kafa daular Idrisawa, wanda ya rasu a 791.

Yinin ƙauye a wannan lokaci na mai tafiya a ƙafa ne. Da safe raɓa tana kwance a kan alkama, hanyoyin gona suna bi ta tsakanin zaitun da ɓaure, kuma daga Afrilu jajayen furannin da suke kira bala'aman sukan bazu a cikin gonaki har wani fegi ya zama kamar an shimfiɗa masa jan zane. Itatuwan habbul muluk da na tuffa suna fure a Maris da Afrilu a wajejen Safru da Imuzar. Makiyaya suna fitowa da tumaki da sababbin 'yan raguna, kuma tun da ciyawa ta wadata, nono ya yawaita: a gefen hanya ana sayar da tsala, wadda suke kira laban, da wani haɗi mai suna saikuk, wato dafaffen tsakin sha'ir da aka zuba wa tsala mai sanyi. Duk wanda ya taɓa shan dambu da nono zai gane shi tun daga cokalin farko. Karin safe a gidan ƙauye gurasa ce da aka gasa a gida, da man zaitun na gonar gidan, da man shanu, da zuma in an samu, da shayi mai sukari da yawa. Abinci ne mara ado, amma sabo ne ƙwarai, kuma ni na fi jin daɗinsa a kan shahararrun girke-girken Fas irin su basɗila, wadda ake haɗa nama da sukari da kirfa a ciki, abin da harshen da ya saba da yaji da daddawa yake daɗewa bai karɓa ba. A birni ko a ƙauye, wanda ba ya iya cin abinci sai da zafin barkono ya tafi da yajinsa daga gida.

Kasuwar mako ita ce babbar ranar ƙauye, kamar yadda take a wurinmu. Safru tana ci ranar Alhamis, Azru ranar Talata, Maulaya Idris ranar Asabar. Tun da sassafe mutanen tsauni ke saukowa da tumaki, ulu, ƙwai, ganyaye da darduma, a kafa rumfuna, masu gashi su hura gawayi, mutum ya sayi namansa wurin mahauci ya miƙa a gasa masa ya zauna a tabarma ya ci da shayi. Ba a yi kasuwar don baƙo ba, saboda haka farashi na gaskiya ne kuma babu mai jan rigarka. Wanda ya sauka a Maulaya Idris yana da ƙarin wata ni'ima, domin tafiyar kilomita huɗu ko biyar ta cikin zaitun za ta kai shi kufan Walili, tsohon garin Rumawa, inda a wannan lokaci ciyawa da furanni ke fitowa a tsakanin duwatsun gini, manyan fararen tsuntsaye dangin shamuwa kuma suka yi sheƙa a kan ginshiƙai. Da yawa daga irin waɗannan tsuntsaye a ƙasashenmu na kudancin Sahara suke cin rani kafin su koma arewa su yi ƙwai, saboda haka mai yiwuwa tare da baƙon suka taso. A cikin kufan akwai ragowar wuraren matsar man zaitun masu yawa, shaidar cewa sana'ar da manoman yankin ke yi yau ta kusa shekara dubu biyu ko ta wuce.

Farashin wannan daɗi shi ne sanyi da kaɗaici, kuma duka biyun ba ƙanana ba ne. Duk abin da aka faɗa game da sanyin ɗakunan Fas, a tsauni ya ninka. Azru tana kan tudun mita 1,250, Ifran kuwa ta haura 1,600, kuma a can ne aka auna sanyin da ya kai digiri 23.9 ƙasa da sifili a 1935. Dusar ƙanƙara tana iya sauka a wajen a watan Maris. Dajin manyan itatuwan al'ul da ke tsakanin garuruwan biyu, da biransa marasa wutsiya, wuri ne mai kyau na yini guda, amma ban ba wanda bai saba da sanyi ba shawarar ya kwana can kafin ƙarshen Afrilu. Idan aka yi ruwa kwana biyu a jere, hanyoyin gona sukan zama taɓo, baƙo ya maƙale a ɗaki babu abin yi, alhali a Fas ranar ruwa rana ce ta shiga makarantar Bu Inaniyya ko Addarin a kalli sassaƙa, ko ta zuwa hamam, gidan wankan tururi na unguwa, inda ake cuɗa jiki da baƙin sabulun zaitun mai kama da sabulun salo. Ƙananan garuruwa ma suna da hamam, amma ƙauyen gaske sau da yawa ba shi da shi. Akwai karnukan makiyaya a hanyoyin gona, waɗanda ba a wasa da su. Mai fama da atishawa ko asma ya sani cewa zaitun yana fure a Afrilu da Mayu, kuma ƙurar furensa tana tayar wa mutane da yawa da ciwo. Mai ciwon da ke buƙatar likita kusa kuwa, babban asibitin koyarwa na yankin a Fas yake.

Batun harshe ya fi tsanani a ƙauye. A Fas wanda ya yi karatun Larabci zai samu masu amsa masa, ko da yake Larabcin titi, wato Darija, yana haɗiye wasula har kunnen almajiri ya rasa inda kalma ta fara. Mutumin Nijar yana da sauƙi saboda Faransanci, masu shaguna da masaukai kuma da yawa suna jin Turanci. A tsaunuka harshen gida Tamazigt ne, kuma tsofaffi, musamman mata, wasunsu ba sa sakewa da wani harshe. Mutanen Fas, musamman na kusa da zawiyya, sun saba ganin baƙaƙen fata cikin babbar riga da hula, a ƙauye kuwa yara za su bi baƙo da kallo, wani lokaci da maganar da ba ta da daɗi. Abin da na gani shi ne wannan yana narkewa da sauri ga namijin da ke zuwa masallaci, domin bayan salla uku ko huɗu an san fuskarsa, kuma ba wuya a gayyace shi cin kuskus ranar Juma'a, a kwano ɗaya da hannun dama. Ga mace mai tafiya ita kaɗai, ko mata biyu, abin ya fi wuya, tunda gidajen shayi na ƙananan garuruwa na maza ne, kuma bayan magariba babu inda za a je. Gare su na fi ganin dacewar birni, ko kuwa masauki a cikin gidan iyali inda akwai matan gida da za a zauna da su.

Dare ma yana da bambanci. A 2018 Maroko ta daidaita agogonta da na Nijeriya da Nijar, in ban da watan azumi da aka riƙa mayar da shi baya da sa'a guda, amma rana ba ta bin lissafin da muka saba. A kan wannan agogo, a ƙarshen Mayu magariba a Fas tana wuce ƙarfe takwas, lisha ta kusa goma, asuba kuma ta zo wajen huɗu da rabi. A birni wannan dogon maraice yana cika da mutane, iyalai suna yawo, masu sayar da dodon koɗi da miyar harira suna hura wuta, shaguna a buɗe. A ƙauye maraicen na zama ne a kan dakali ana kallon haske yana sauka a kan tudu, ana jin kwaɗi a bakin rafi, garin kuma ya yi tsit da zarar an idar da lisha. Wanda ya gudo daga ƙarar janareta da cunkoson Kano zai ɗauki wannan shiru a matsayin magani, wanda kuwa bai iya zama ba tare da abokin hira ba zai fara ƙirga kwanaki tun daren na uku.

Ta fuskar kuɗi ƙauye ya fi sauƙi a ɗaki da abinci, amma ba kamar yadda ake zato ba, domin zaɓi kaɗan ne, kuma duk ranar da aka so zuwa wani wuri sai an biya mota. A Fas mutum yana iya yin mako guda bai hau komai ba sai ƙafarsa, in ya gaji kuma ga jajayen ƙananan tasi a ƙofofin gari. Jirgin ƙasa daga Kasabalanka yana kaiwa Fas da Miknas cikin sa'a uku zuwa huɗu, amma ba ya zuwa Safru ko Azru. A ƙauye sai da tsabar kuɗi a aljihu.

Akwai wani sharaɗi da ya shafi ƙauye kaɗai: korensa ya dogara ga ruwan da aka samu a lokacin sanyin da ya gabata. Maroko ta yi shekaru a jere tana fama da fari, har tafkin Dayat Awwa da ke kusa da Imuzar ya ƙafe, har kuma a 2025 Sarki Muhammadu na Shida ya roƙi jama'a su bar yanka layya saboda raguwar dabbobi. A shekarar fari alkama takan tsaya gajeriya ta yi rawaya tun Afrilu, furanni su yi ƙaranci, nono ya ragu. Fas al-Bali kuwa ba ta sauya fuska sosai ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Saboda haka kafin a kama ɗakin wata guda a ƙauye, yana da kyau a tambayi wani mazaunin can yadda ruwan Disamba zuwa Fabrairu ya kasance.

Idan aka tambaye ni, kalanda nake fara dubawa kafin halin mai tafiya. Daga farkon Maris zuwa tsakiyar Afrilu birni ya fi, domin lokacin furen lemo ne, tsauni bai gama sanyi ba, ruwa kuma yana iya sauka kowace rana. Daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Mayu ƙauye ya fi nesa ba kusa ba, domin dare ya yi sauƙi, gonaki sun kai ƙarshen kyansu kafin a fara girbin sha'ir, Fas kuwa ta cika da baƙi, kuma idan iskar gabas mai zafi da suke kira sharƙi ta taso, kwarin birnin yakan yi zafin da zai tuna wa mutum abin da ya baro a gida. Wanda kwanakinsa ba su wuce bakwai ba ya zauna a Fas ko da wane wata ne, ya fita Safru ranar Alhamis ko Maulaya Idris ranar Asabar ya dawo, domin ƙauye ba ya buɗe wa mai gaggawa ƙofa. Wanda yake da mako uku ko fiye, kuma ƙafarsa lafiya lau, ni Safru zan nuna masa a kan Azru ko Ifran, saboda ba ta yi tudun da sanyi zai hana shi barci ba, tana da kasuwa da kantin magani da banki, gonaki suna bayan ganuwarta, kuma yana iya yin sallar asuba a can, ya shiga babbar tasi bayan hantsi, ya samu Juma'a a Ƙarawiyyin da zikiri a zawiyya, ya koma ya kwana. In zamansa ya kai watan Yuni, zai tarar da bikin habbul muluk da garin ke yi tun wajen 1920, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2012, a daidai lokacin da labarin saukar ruwan farko ya fara zuwa masa daga gida.